Yadda Yaro Ke Yini a Cikin Birnin Kano

Duk wanda ya ratsa lungunan cikin birnin Kano, a Yakasai ne ko Mandawari ko Daneji, zai ga an rubuta "Ba a shiga" a ƙofar zaure, wani da fenti, wani da gawayi. Dokar ta maza baligai ce. Ko aminin maigida ne, iyakarsa zaure, ya yi sallama ya jira. Amma yaro ɗan shekara shida sai ya zo a guje ya wuce ta gabansa, ya ratsa soro na ɗaya da na biyu, ya faɗa har tsakar gida, babu mai ce masa kanzil. Wannan dama ta shiga da fita ita ce ta ba yaro matsayin da yake da shi a gidan Bahaushe. Matar aure tana ciki, maigida ya fita nema tun safe, yaro ne ke kai-kawo tsakanin cikin gida da waje. Shi ne ƙafar gida.

Yininsa yana farawa ne da asuba. Da an idar da salla uwa za ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tashinsu, kuma kowa ya san nasa aikin. 'Ya mace ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ta haɗa kwanukan jiya ta yi wanke-wanke. Ɗa namiji ya ɗauki bokiti ya nufi famfo ko tuƙa-tuƙa, ko ya leƙa waje ya kira mai garuwa. Ƙaraminsu kuma a miƙa masa kwano ya je layin koko da ƙosai. Wani gidan ɗumamen tuwo ake karyawa da shi, wani gidan shayi da burodi. Kafin maigida ya fita zuwa Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi ko ofis, yara za su zo su durƙusa su gaishe shi, ya ajiye kuɗin cefane, ya miƙa wa kowa kuɗin tara. Mai babur yakan ɗebi yaransa, ɗaya a kan tanki biyu a baya, ya sauke su a ƙofar makaranta. Wasu iyayen kuma sukan yi ciniki da mai adaidaita sahu, ya riƙa kaiwa yana ɗaukowa, a biya shi ƙarshen wata.

Aike shi ne babban aikin yaro, kuma a ganina makaranta ce mai zaman kanta, ko da ba a kiran ta haka. Ba a tura yaro haka kawai. Uwa za ta tsayar da shi ta faɗa masa saƙon, ta sa ya maimaita, ta ƙulle masa kuɗin a hannu. In yaron mai wasa ne a hanya, sai ta tofa yawu a ƙasa ta ce kada ya bari ya bushe bai dawo ba. Idan ya isa sai ya yi sallama, ya rusuna ya gaida matan gida, sannan ya ce, "Wai in ji Ummanmu tana gaishe ki, wai in da daddawa a ba ta ta ɗari." Matar gidan ta ce, "Ka ce ina amsawa. Ya jikin ƙanwar taka? Ungo wannan, kai ma ka saya alawa." A wannan 'yar tafiya yaro ya koyi gaisuwa, ya koyi riƙe magana yadda aka ba shi ba ragi ba ƙari, ya koyi lissafin canji, ya kuma koyi cewa ba a taɓa abin da aka aike ka da shi. Akwai darasi mafi wuya, wato iya bakinsa. Yaron da yake kwaso abin da ya gani a gidan mutane ya kawo gidansu, da wuri ake tsawata masa, domin yawancin rigimar maƙwabta daga bakin yara take tasowa. Haka kuma in baƙo ya tsaya a waje, yaro zai samu ya ce, "Shiga ka ce ana sallama da maigidan," kuma yaron ba zai ce ba gidansu ba ne. Kowane babba yana da ikon aiken kowane yaro a unguwa, yana kuma da ikon tsawata masa. Ɗa na kowa ne.

Da ƙafar yara ne sana'ar mata ke tafiya. Mace tana cikin gida tana yin ɗanwake, alala, awara, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, ɗinkin hula ko saƙa, amma ba ita ke zuwa kasuwa ba. Yaro ne ke sayo gyaɗar, shi ke kai niƙa inji, shi ke kai zubin adashi gidan uwar adashi, 'yarta ce kuma ke ɗora faranti a ka ta bi gida-gida tana talla. Tun da can ana cewa da ribar tallar ake tara wa yarinya kayan ɗaki, kuma gaskiya ne, uwaye da yawa da wannan suka fitar da 'ya'yansu kunya ranar jere. Sai dai talla iri biyu ce. Akwai ta cikin unguwa, wadda yarinya ke zagaya gidajen da aka san ta aka san iyayenta, ta dawo kafin rana ta yi. Akwai kuma ta tasha da bakin kasuwa da gareji, inda yarinya 'yar shekara goma ke kaiwa har magariba a cikin mazan da ba su san ko 'yar waye ba. Ta biyun nan cuta ce, ba al'ada ba, kuma ita ce ke raba yara mata da aji. A zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, wanda ya riƙe jihar daga 2003 zuwa 2011, hukumar A Daidaita Sahu ta yi wani shiri mai suna Fansar 'Yar Talla don a tallafa wa uwaye su mayar da 'ya'yansu makaranta. Har yau matsalar tana nan, domin talaucin da ke haifar da ita yana nan.

Yaron birni makaranta biyu yake yi, wani ma uku. Ta allo ita ce ta asali. Tun yana shekara huɗu ko biyar ake haɗa shi da yayyensa, ya zauna a kan tabarma ko buzu a zauren malam yana bin bakin na gaba da shi, har ya riƙe Fatiha da ƙananan surori da ka. Daga nan a saya masa allo, a fara masa babbaƙu, ya san ba guje da mim jaye da lam ara, sannan farfaru, sannan ya fara haɗa baƙi da kansa. Ranar da ya biya karatunsa daidai malam ya ce ya je ya wanke, ranar murna ce a gare shi, ya wanke allo ya shanya, a yi masa sabon rubutu da tawada da alƙalamin kara. Ana karatu daga Asabar zuwa Laraba, ranar da ake kai wa malam kuɗin Laraba, a huta Alhamis da Juma'a. In Allah ya kai yaro sauka, sai a yi wa allonsa zayyana, a ɗinka masa sababbin kaya, a yi walima, ya zagaya gidajen dangi yana karantawa ana ba shi kyauta.

Boko kuwa ya shigo Kano tun 1909, lokacin da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, amma bai game gidajen talakawa ba sai bayan 1976, da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro. Tun daga lokacin safiya ta koma ta boko, daga Litinin zuwa Juma'a. Yaro ya dawo da rana, ya tuɓe kayan makaranta, ya ci abinci, ya yi azahar, sai kuma ya ɗauki jakar Islamiyya, inda zai karanta tajwidi da hadisi da fiƙihu har kusan magariba. Asabar da Lahadi da boko ke hutu, yawancin Islamiyyu da safe suke buɗewa. In ka haɗa wannan da wancan, za ka ga babu yini guda cikakke a mako da yaron Kano yake hutawa. Abin da ya rage masa shi ne yammacin Alhamis da yammacin Juma'a.

A cikin gida, ba uwa kaɗai ke renon yaro ba. Da jariri ya yi ƙwari, yayarsa 'yar shekara bakwai za a ɗaure mata shi a baya da zane da majanyi, ta yi wasanta da shi a goye. Abokiyar zaman uwa tana yi masa wanka, matar baffa tana ba shi abinci, kuma duk yana kiran su Inna ko Iya ko Umma. Ɗan fari kuwa kunyarsa ake ji. Uwa ba ta faɗar sunansa, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ce ke karɓarsa tun daga yaye ta riƙe shi. Wanda bai san al'adar ba sai ya ɗauka rashin so ne, alhali kawaici ne, kuma abin da uwa ta ɓoye na ƙauna kaka ce ke fito da shi fili. Jika namiji mijinta ne, tana tsokanarsa da cewa bai kawo cefane ba. Jika mace kishiyarta ce. A ɗakin kaka ne yaro ke samun guntun goro da ɗan kuɗin da aka ƙulle a bakin zane, nan kuma yake gudu ya ɓuya in ya yi laifi. Sunayen da ake kiran yara da su ma suna ba da labarin gidan: Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo bayan tagwaye, wanda aka sa wa sunan kakansa kuma sai a ce Abba ko Baffa don kada a kama sunan babba.

Bayan sallar isha'i, musamman in da farin wata, ƙofar gida ta zama dandali. 'Yan mata su yi gaɗa da tafa-tafa, maza su yi langa da ɓuya. Da rana kuma akwai carafke da 'yar gala-gala da tuwon ƙasa, akwai motar da yaro ke ƙera wa kansa da kara ko gwangwani ya yi mata taya da tsohon silifa. Tatsuniya ta dare ce, a bakin kaka ko wata yaya, kuma a nan yaro ke sanin Gizo da Ƙoƙi da kura mai kwaɗayi. Yanzu talabijin da wayar hannu sun ci rabin wannan lokaci, amma a lungunan da wutar lantarki ba ta zama, wasan dare bai mutu ba.

Fita ta musamman ba kullum ake yin ta ba, shi ya sa yaro ke daɗewa yana tuna ta. Ranar Juma'a a yi masa wanka, a sa masa 'yar shadda da hula, ya riƙe wa babansa darduma zuwa masallaci, da yamma kuma a tafi gaida kakanni. In an yi haihuwa ko biki a dangi, uwa takan tafi unguwa da na goye a baya, da wata 'yar rakiya da za ta riƙe mata jaka. Da azumi ya kai kwana goma sai tashe, yara su bi gidaje da dare suna kwaikwayon halayen manya ana ba su hatsi ko kuɗi. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, dutsen Dala yakan cika da yara har ba masaka tsinke. Amma babu kamar Salla. Tun saura kwanaki ake zirga-zirga wurin tela, a yi wa 'yan mata kitso da lalle, a sayo takalmi da agogon roba da tabarau. Bayan an sauko daga idi an ci tuwon Salla, yara su haɗu ƙungiya-ƙungiya, babba yana riƙe da hannun ƙarami, su yi ta bin gidajen dangi suna barka da Salla ana ba su goron Salla, da dare kowa ya zauna ya ƙirga abin da ya samu. Washegari hawan Daushe, rana ta uku hawan Nasarawa, uba ya saɓa ɗansa a wuya don ya hango dawaki da 'yan lifidi da laimar Sarki. Waɗanda suka ɗan tasa kuma su haɗa kuɗinsu su nufi gidan zu na Audu Bako su ga zaki da kura da jimina, su hau lilo, su sha ƙanƙara.

A sababbin unguwannin bayan gari, inda kowane gida ke da katanga da ƙofar ƙarfe, abin ya sha bamban. Uwa ma'aikaciya ce ko malamar makaranta, tare take fita da maigida. Saƙon da yaro zai kai, waya ta kai shi. Tsoron satar yara ya sa iyaye ba sa barin ɗansu ya wuce ƙofar gida, kuma babu mai ganin laifinsu. Yaran da suka tashi a nan sun fi samun karatu da kulawa, ba sa ɗaukar faranti, wannan ci gaba ne na gaske. Amma akwai yaro ɗan shekara goma da bai san sunan maƙwabcinsu ba, bai iya shiga gidan mutane ya isar da saƙo ba, in ya ga gwaggonsa sai ya tsaya ƙiƙam yana kallonta. Daga boko sai Islamiyya, daga Islamiyya sai malamin da aka ɗauka ya zo gida ya ƙara masa darasi, har ranakun hutu.

Iyaye, ku bar wa yaranku yammacin Alhamis da na Juma'a. Kada ku cusa musu wani karatu a ciki. Ku aike su gidan maƙwabta na kusa da kuka yarda da su, ku kai su wurin kakanninsu su yini, ku bar su su yi langa da sa'o'insu a ƙofar gida kuna kallonsu.