Fachi, Garin da Gero Ke Zuwa Masa a Kan Raƙumi

A gabashin jihar Agadez, can tsakiyar rairayin Tenere, akwai wani gari mai suna Fachi, wanda mutanensa ke kira Agram. Ya jingina da wani dogon dutse, sauran ɓangarorin kuwa yashi ne iya ganin ido. Balma, babbar maƙwabciyarsa, tana gabas da nisan fiye da kilomita 150. Akan shekara ba a ga ruwan sama na kirki ba, amma na ƙasa bai yi zurfi ba, shi ke raya dabino, shi kuma ke fito da gishiri.

Galibin mazauna garin Barebari ne, sai Tubawa. Sukan haƙa ramuka ruwan gishiri ya taru, rana ta yi nata aiki. Farin da ake tsamowa shi ne beza, na miya. Sauran a kwaɓa shi da ƙasa, a ɗura a kututturen dabino da aka fafe, a kife ya bushe, ya zama kantu na lasar dabbobi.

Sai dai gishiri da dabino ba sa tuwo. Gero daga kudu yake zuwa, Abzinawa ne kuma masu kawo shi. Da damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, Buzayen Kel Ewey na Timia da Tabelot da kewayen dutsen Bagzan sukan yanki ciyawa su ɗaure dammuna, domin a Tenere raƙumi ba ya samun abin sakawa a baki. Madugu ne a gaba, yana duban taurari da yadda iska ta kwantar da yashi. Ayari ba ya tsayawa daga safe har dare ya raba. A tafe ake dafa shayi, a tafe ake shan furar gero da cuku da dabino. A kan wannan hanya ce wani itace tilo da ake kira itacen Tenere ya tsaya, har wata mota ta banke shi a 1973, aka kai gangar jikinsa gidan tarihi na Yamai.

Ranar da ayari ya sauka, gari kan cika ya batse. Mata su fito da dabino ana musaya da gero mudu-mudu, yara na bin raƙuma suna tsintar kashinsu, don a nan makamashi ne mai daraja.

Arzikin ya sha jawo mahara. Shi ya sa magabata suka gina wata ganuwa da tubalin gishiri, suka jera manyan rumbunan yumɓu a ciki, kowane gida da nasa, in an kawo hari a shige a rufe ƙofa.

Bayan an koma Abzin, ayari kan gangara da kantu zuwa Damargu da Tasawa, wasu har Kano. Irinsa ne Bajamushe Heinrich Barth ya biyo kudu a ƙarshen 1850. Farin shekarun 1970 da na 1984 sun kashe raƙuma masu yawa, manyan motoci kuma suka shigo harkar. Duk da haka Abzinawa ba su daina ba, don mota sai da mai da kuɗi a hannu, raƙumi kuwa ciyawar da mai shi ya yanka ta ishe shi zuwa da dawowa.