Gyambon ciki ga dawaki: me ya sa doki ke cin hatsi amma yana ramewa?

Yau zancenmu na masu dawaki ne. Akwai kukan da ake yawan ji a bakin turke: "Ina ba shi hatsi safe da marece, ban rage mai komi ba, amma kullum sai ƙara ramewa yake." Wani ya ce sammore ne, wani ya ce kambun baka. Sau da dama matsalar tana cikin tumbin dokin, kuma yadda muke ciyar da shi ne ke jawo ta. Likitocin dabbobi suna kiran ta gyambon ciki, irin wanda mutane ke fama da shi, sai dai dalilinsa ga doki daban ne.

Yadda Allah ya yi cikin doki

Kar mu auna doki da saniya. Saniya tana da babban tumbi mai ɗaukar lita 100 ko fiye, ta cika shi ta kwanta tana tuƙa. Doki ba ya tuƙa, kuma tumbinsa ƙarami ne, lita 8 zuwa 15 kawai yake ɗauka. An halicce shi ya riƙa tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yana tafiya, har awa 16 a yini in an sake shi a daji.

Saboda haka tumbinsa yana fitar da ruwan tsami mai narkar da abinci dare da rana, ko ya ci ko bai ci ba. Abin da ke kashe kaifin wannan tsami shi ne yawu da kuma ciyawar da ke cikin tumbin. Yawun doki kuwa ba ya zubowa sai yana tauna. Kilo guda na busasshiyar ciyawa yana ɗaukar shi wajen minti 40 da tauna fiye da 3,000. Kilo guda na hatsi kuwa cikin minti 10 ya gama da shi. Kun ga dokin da ke rayuwa a kan hatsi, sauran yinin duka yana tsaye da tsami a ciki babu abin da ke tare shi.

Tumbin nan kashi biyu ne. Na ƙasa yana da majina mai kauri da ke kare shi. Na sama fatarsa ba ta da wannan kariya. In doki ya zabura da gudu, cikinsa yana matsewa, tsamin ya fantsama sama ya ƙona wurin. In akwai ciyawa a ciki, ita ke zama kamar faifai a bakin ƙwarya, ta hana fantsamar. Shi ya sa a ƙasashen da ake leƙa cikin dawaki da na'ura, aka tarar dawakin sukuwa da ke cikin horo, 8 zuwa 9 cikin 10 suna da gyambon nan.

Inda muke kuskure a nan gida

Dokin ƙauye da ake saki a gona bayan girbi, ko ake kai shi fadamar Magiya ya yini yana kiwo, bai cika shiga wannan hali ba. Wanda ya fi shiga shi ne dokin gata: na fada, na ɗan kasuwa, na ɗan sukuwa, wanda ke ɗaure a turke ana ji da shi.

Ku duba yadda ake shirin hawan salla a Ƙonni ko a fadar Sarkin Adar a Illela. Saura wata guda sai a ƙara wa doki hatsi don ya cika ido, a rage ciyawa don kar ya yi tumbi. Ƙaramar salla kuma tana biyo bayan azumi, lokacin da mai kula da dokin yake a gajiye, ya zuba abinci da asuba, sai kuma bayan shan ruwa. Jama'a, doki ba ya azumi. Ranar hawa kuma a ɗaura mai sirdi tun da safe ciki wayam, wai don ya yi sauƙin gudu, ya yini da linzami a baki cikin rana da ƙarar bindiga. Duk abin da ke haifar da gyambon ciki ya haɗu a rana guda.

Haka dokin da aka sayo a kasuwar Badagishiri ko Gidan Idar, ko aka ɗauko a mota zuwa Yamai ko Sakkwato don sukuwa. Tafiyar awowi babu ci babu sha, ga baƙon wuri, ga sabon abinci.

Wani bincike da aka wallafa a 2009 kan dawaki 201 a ƙasar Danmak ya nuna abubuwan da ke ƙara haɗarin: barin doki fiye da awa 6 babu ciyawa, yawan hatsi, rashin ruwa a kusa da shi, da kuma ciyar da shi busasshen kara kaɗai. Wannan na ƙarshe ya shafe mu, don in bazara ta yi tsanani wasu ba su da abin ba doki sai karan hatsi ko na shinkafa.

Akwai kuma maganin kasuwa. Allurai da ƙwayoyin kashe ciwo irin su fenilbutazon da diklofenak, in aka yi ta ba doki kwana da kwanaki, ko aka wuce ƙima, suna raunana kariyar tumbi har ta ƙasan ma ta yi miki.

Alamomin da za ku lura da su

Doki ya fara cin hatsi da marmari, ya ci kaɗan ya ja baya. Yana ramewa alhali abinci bai ragu ba. Gashinsa ya daina sheƙi. In an zo ɗaure majayi sai ya kwantar da kunne, ya nemi cizo ko harbi, abin da da can ba ya yi. Gudunsa ya ragu. Bayan ya ci abinci yana ɗan murɗar ciki, yana tonon ƙasa da ƙafa, can kuma ya lafa. Wani yana gaigayar turke ko komi. Dukushi kuwa yakan cije haƙora, yawu yana dalala, ya kwanta rigingine.

Amma a yi hankali. Tsutsar ciki, lalacewar haƙori da sammore duk suna kawo rama irin wannan. Tabbacin gyambo sai an zura na'urar leƙe mai tsawon mita 3 ta hanci har tumbi, ita kuwa sai manyan asibitocin dabbobi. A wurinmu likita yakan duba haƙori, ya duba kashi da jini, ya tambayi yadda ake ciyarwa, sannan ya yanke shawara. Don haka a fara da ma'aikatar kiwo ta gunduma ko likitan dabbobi mai zaman kansa da mataimakansa na ƙauyuka. Masu hali kuma akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Ciyarwar da ke kare tumbi

Mu ɗauki doki mai kilo 300, wanda shi ne kusan nauyin yawancin dawakinmu.

Na farko, ciyawa. Mafi ƙaranci kilo 4 da rabi na busasshiya a yini, in ta kai kilo 6 ya fi. Kar a zuba ta gaba ɗaya. A raba ta huɗu ko biyar, kaso mafi yawa da dare, don dare ne ya fi tsawo. Harawar wake, harawar gyaɗa da gadagi sun fi kara nesa ba kusa ba. A ƙasashen Turai da Amurka an gano wata ciyawa da suke kira luzan tana rage kaifin tsami saboda sinadarin kalsiyam da na gina jiki da ke cikinta, kuma harawa da gadagi danginta ne. In harawa ta yi tsada, a gauraya ta da ƙyasuwa ko wata ciyawar daji da sassaƙaƙƙen kara, kar dai kara ya zama shi kaɗai.

Na biyu, hatsi. Doki mai kilo 300 kar ya wuce rabin kilo na hatsi ko dawa a zama ɗaya, a yini kuma kusan kilo guda ya ishe shi in ana gudun gyambo. Tiya guda ta kai kilo biyu da rabi. Wanda ya juye wa dokinsa tiya a zama ɗaya ya ba shi ninki biyar na abin da tumbin ke iya ɗauka lafiya. Kuma kullum harawa ta riga hatsi shiga. In ana son ƙiba da sheƙin gashi, a fara zuba cokali biyu na man gyaɗa a cikin abincinsa, a riƙa ƙarawa a hankali har ya kai ƙaramin kofin shayi ɗaya a yini. Dusa tana da amfani, amma in ta zama ita ce babban abinci tana raunana ƙashi, har fuskar doki ta kumbura.

Na uku, ruwa. Ko da sanyi doki irin wannan yana shan lita 15 zuwa 20. Da bazara, ko in ya yi aiki, jarka mai lita 25 ba ta isar shi. In ba za a iya aje mai ruwa kullum a gabansa ba, a shayar da shi sau uku ko huɗu. A aje mai gishirin lasa.

Na huɗu, kafin hawa. Saura rabin awa a ɗaura sirdi, a ba shi harawa cikin hannu biyu ko uku, ban da hatsi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar salla, duk inda aka tsaya jiran sarki, a zare linzami na ɗan lokaci ya tsinki wani abu ya sha ruwa.

Na biyar, kar a sauya abinci dare ɗaya. Daga busasshiya zuwa ɗanyar ciyawar damina, ko daga tsohon hatsi zuwa sabo, a ɗauki kwana 7 zuwa 14 ana gaurayawa. A zuba abinci a komi ko rabin duro, don dokin da ke ci a kan rairayi yana haɗiyar yashi, ya taru a hanji ya toshe shi. Hatsi ko masarar da ta yi fumfuna a zubar. Abincin kaji na kamfani kuma kar ya kusanci doki, wani yana ɗauke da maganin da ke kashe shi.

Sannan a sake shi ya yi kiwo da dabaibayi ko da awa biyu ne a yini, ya ga ƴan uwansa. Zaman turke shi kaɗai yana damun doki.

Zancen magani

Maganin da aka tabbatar yana warkar da gyambon sama shi ne omefirazol, wanda aka amince da na dawaki a Amurka tun 1999. Ƙa'idarsa miligiram 4 ga kowane kilo na nauyin doki, sau ɗaya a yini, da sassafe kafin ya ci komi, har kwana 28. Ku yi lissafi: doki mai kilo 300 yana bukatar miligiram 1,200 a yini, wato daidai da ƙwaya 60 ta mutane mai miligiram 20. Wanda ya jefa ƙwaya biyu a dusa ya yi asarar kuɗinsa ne kawai. Likita ne zai faɗi irin da ya dace da yadda za a ba shi. In kuma aka gama magani aka koma tsohuwar ciyarwa, gyambon zai dawo.

Kanwa da iyayenmu ke ba dawaki tana kwantar da tsami na ɗan lokaci, amma tumbin bai daina fitar da sabo ba, don haka ba ta warkar da miki. A bar ta kaɗan yadda aka saba, kar a mai da ita magani. Maganin tsutsa kuma a bayar bisa shawarar likita, musamman bayan damina. Ƙananan ƙwai masu ruwan ɗorawa da kuke gani manne da gashin ƙafar doki na wani ƙuda ne, in ya lashe su tsutsarsu tana maƙalewa a tumbi wata da watanni. A kankare su.

Lokacin da ba a jira

In doki yana faɗuwa yana birgima, yana zufa, yana waiwayen cikinsa, ya daina kashi, ko cikin ya kumbura, wannan ya wuce zancen gyara abinci. A ɗauke abinci daga gabansa, a ɗan zagaya da shi a hankali, a kira likita nan take. Zuciyar doki mai lafiya tana bugawa sau 28 zuwa 44 a minti, in ta haura 60 abin ya yi tsanani. Doki ba ya amai, don haka in ruwan abinci ya fito ta hancinsa alama ce mai hatsari ƙwarai. Kar a ɗaga kansa a yi mai ɗure da mai ko jiƙo, yana iya wucewa huhu. Kar kuma a yi mai allurar kashe ciwo kafin likita ya gan shi, tana ɓoye alamomin da zai duba.

Ga ƴan uwa na waje

Da yawanku kuna aiko da kuɗin abincin dokin gida, kuma abin da aka saba cewa shi ne "a saya mai buhun hatsi". Bana ku sauya saƙon. Da kaka, lokacin da harawa take da araha, ku ce a saya da yawa a ɗora a rumfa inda ruwa da rana ba su taɓa ta, don a watan Afrilu da Mayu kuɗinta yana tashi sosai. In kun buga waya, ku tambayi sau nawa ake zuba mai ciyawa a yini, da wa ke tashi ya ƙara mai da dare. Ku ware wani abu kuma don likita ya duba haƙoransa sau ɗaya a shekara.

Wanda ke da tambaya ya kawo ta gidan rediyo ko ya turo saƙon murya, za mu miƙa ta ga likitan dabbobi a shirin makiyaya. Allah ya ba mu lafiya, mu da bisashenmu.