Yadda Mai Fito Ke Ɗaure Jirginsa Shi Kaɗai

Wanda ya bar Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, ya nufi arewa zuwa Lau, zai iske Kogin Binuwai shimfiɗe a gabansa, ƙasar Karim Lamido kuwa tana tsallake. A nan masu fito ke cin abinci, kuma da yawansu su kaɗai ke aiki, babu yaron jirgi.

Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Haka fito yake, domin sau da yawa tsayar da jirgi a gaɓa ya fi ratsa kogin wuya.

Gwanin matuƙi yakan shirya igiyarsa tun yana tsakiyar ruwa, ya naɗe ta kusa da ƙafarsa. In ya doshi gaɓa ba ya bin bayan ruwa, sai ya juya goshin jirgi ya fuskanci inda ruwan ke fitowa, don ƙarfin kogi ya rage masa gudu. Sa'an nan ya kashe inji, ya ƙarasa da gora a hankali.

Igiyar gaba ita ce ta farko. In aka fara ɗaure ta baya, ruwa zai kama goshin jirgi ya juya shi, kaya da mutane su karkata gefe guda. Saboda haka yakan sauka da igiya a hannu, ya zagaya turke sau biyu, ya yi ƙullin da ba ya zamewa amma yana kwantuwa da sauƙi. Daga nan ya ɗaure ta baya. Kafin ya gama, ba a yarda fasinja ya miƙe ba.

Akwai kuma batun tsawon igiya. Binuwai yakan cika da damina ya janye da rani, kuma in an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka gama a 1982, yakan ƙaru ƙwarai, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Jirgin da aka ɗaure tamau da dare, in ruwa ya tashi, igiya na iya danne goshinsa har ya sha ruwa. Wanda aka sakar wa igiya da yawa kuwa zai kwana yana dukan gaɓa.

Jirgin nan shi ne gonar mai fito, shi ne jarinsa. Ƙulli ɗaya da aka yi da garaje ya isa ya raba shi da abincin iyalinsa kafin gari ya waye.