Likkafanin Turin: Tambayoyi Biyu da Ake Yawan Gwamutsawa

A babbar majami'ar Yohanna Mai Baftisma da ke birnin Turin, arewacin Italiya, an adana wani ƙyallen lilin mai tsawon kimanin mita 4.4 da faɗin mita 1.1. A jikinsa ana ganin surar wani mutum mai gemu dishi-dishi, gabansa da bayansa, ga shatar bulala, ga rauni a wuyan hannu da ƙafa da haƙarƙari. Kiristoci da dama sun yi imani cewa da shi Yusufu mutumin Arimatiya ya naɗe gawar Yesu Almasihu, kamar yadda Linjila ta ba da labari. A wajen Musulmi zancen bai ma taso ba, domin Alƙur'ani ya bayyana cewa ba a kashe Annabi Isa (AS) ba, ba a kuma gicciye shi ba. Muhawarar ta Kiristoci ce da masana kimiyya, kuma daga cikin gidan coci ta faro.

Tarihin ƙyallen da ke da shaidar rubutu ya soma ne a wajajen 1355, a ƙauyen Lirey na ƙasar Faransa, a hannun wani barde mai suna Geoffroi de Charny. Masu ziyara suka yi ta tururuwa, sadaka tana shigowa. A 1389 Bishop ɗin Troyes, Pierre d'Arcis, ya rubuta wa Paparoma Clement na Bakwai da ke Avignon cewa magabacinsa ya bincika, har ya gano mai zanen da ya yi aikin. A 1390 Clement ya yarda a ci gaba da nuna shi, bisa sharaɗin a riƙa shelanta wa jama'a cewa kwatanci ne kawai. A 1453 ƙyallen ya koma hannun gidan sarautar Savoy. Gobarar da ta tashi a 1532 a Chambéry, inda ake ajiye da shi, ta narkar da azurfar akwatinsa ta ƙona shi a wurare da dama, 'yan sista suka yi masa faci a 1534, sannan aka kai shi Turin a 1578.

Abin da ya sake tayar da ƙura ya faru ne a 1898, sa'ad da wani lauya mai sha'awar ɗaukar hoto, Secondo Pia, ya ɗauki hotonsa. Da ya duba negatif ɗin, wato gilashin da fari ke komawa baƙi a kansa, sai ya ga fuskar ta fito sarai kamar hoton mutum na gaske. Jama'a suka shiga tambaya: yaya mai zanen ƙarni na 14 zai yi sura irin ta negatif, alhali babu kyamara a zamaninsa? A 1978 wata tawagar masana, yawancinsu daga Amurka, ta shafe sa'o'i 120 tana gwaje-gwaje a kansa. Rahotonta na 1981 ya ce ba fenti ne ya samar da surar ba, launin yana saman zare ne kawai, kuma ba a gano yadda ya samu ba. Sai dai wani gwanin madubin ƙara girma, Walter McCrone, ya saɓa musu, ya ce ya ga jan garin launi irin na masu zane.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya raba tambayoyi biyu. Ta farko, shekarun ƙyallen nawa? Ta biyu, yaya aka yi surar ta hau kansa? Ta farkon an amsa ta a 1988. An yanki ɗan ƙanƙanin yanki daga gefe aka raba wa ɗakunan gwaji uku, a Oxford da Zurich da Arizona. Dabarar ita ce, kowane tsiro yana zuƙar kabon daga iska muddin yana raye. Da zarar an yanke shi sai nau'in kabon-14 ya fara raguwa, rabinsa yana ƙarewa cikin kimanin shekara 5,730. Da aka auna, sakamakon ya nuna an girbe tsiron da aka saƙa lilin ɗin tsakanin 1260 da 1390. Wannan ya zo daidai da lokacin da ƙyallen ya ɓulla a Lirey, ya kuma dace da wasiƙar Bishop d'Arcis.

Masu kare ingancinsa ba su yi shiru ba. Wasu sun ce hayaƙin gobara da dattin hannaye sun gurɓata gwajin, amma kafin datti ya mayar da ƙyallen ƙarni na farko zuwa na 14, sai ya zama fiye da rabin abin da aka auna datti ne. A 2005 masanin sinadarai Raymond Rogers ya ce daga wurin da aka yi wa gyara aka yanko samfurin, sai dai gwanar saƙa Mechthild Flury-Lemberg, wadda ta jagoranci gyaran da aka yi wa ƙyallen a 2002 ta kuma ga bayansa da idonta, ta ce babu wani ɓoyayyen faci a wurin.

Tambaya ta biyu ce har yanzu ba a rufe ba. A 2009 Luigi Garlaschelli na Jami'ar Pavia ya yi kwaikwayo mai kama sosai da kayan aikin zamanin da, amma ba kowa ya gamsu ba. Duk da haka, rashin sanin yadda aka yi abu ba hujja ba ce cewa ya kai shekara dubu biyu.

Fadar Paparoma, wadda ta gaji ƙyallen daga tsohon sarkin Italiya Umberto na Biyu a 1983, ba ta taɓa yanke hukuncin cewa na gaske ne ba. A 1998 Paparoma John Paul na Biyu ya bar wa masana batun shekarunsa, ya ɗauke shi abin tunatarwa ga wahalar Almasihu. Hanyar kawo ƙarshen gardamar kuwa a fili take: a yanki samfuri daga wurare daban-daban a sake aunawa. Tun 1988 ba a sake ba da wannan izini ba.