Joseph Chamberlain: Daga Masana'antar Ƙarfe zuwa Ma'aikatar Ciniki ta Birtaniya

An haifi Joseph Chamberlain a Landan a 1836, a gidan masu sana'ar takalma, kuma yana da shekara 18 aka tura shi Birmingham, birnin da ya yi suna wajen ƙera kayan ƙarfe, domin ya shiga kamfanin danginsa na Nettlefold. Kamfanin yana yin sukuru ne, wato ƙusa mai murɗi da kafintoci ke ɗaurewa a jikin katako, kuma da yake ya sayi izinin amfani da wata na'urar Amurka mai fitar da sukuru mai tsini, sai ya rinjayi abokan takararsa har ya kai ga samar da kusan kashi biyu cikin uku na sukurun da ake ƙerawa a Ingila. A 1874 Chamberlain ya janye hannunsa daga kamfanin da dukiyar da ta ishe shi tsunduma cikin siyasa.

Ya riƙe kujerar magajin garin Birmingham daga 1873 zuwa 1876, inda ya tafiyar da birnin da lissafi irin na ɗan kasuwa: ya saye wa hukumar gari kamfanonin iskar gas da na ruwan sha, ya kuma rushe unguwannin cunkoso domin a fitar da titin Corporation. Ya shiga majalisar dokoki a 1876, sannan a 1880 Firaminista Gladstone ya naɗa shi shugaban Hukumar Ciniki, wadda a zamaninmu za a kira ma'aikatar ciniki da masana'antu. A shekaru biyar da ya yi a wurin ya fitar da dokar wutar lantarki ta 1882, da dokar karayar arziki ta 1883 wadda ta sanya jami'an gwamnati binciken duk ɗan kasuwar da ya kasa biyan bashi, da dokar da ta rage kuɗin rajistar ƙirƙira a wannan shekarar. Ƙudirinsa na 1884 na kare ran matuƙan jirgin ruwa kuwa bai kai labari ba, saboda masu jiragen sun taso masa har aka janye shi.

A duk wannan lokaci Chamberlain yana kan aƙidar ciniki maras shinge, wato barin kayan waje su shigo ba tare da harajin kare masana'antun gida ba. Cibiyar aƙidar ita ce Manchester, inda Richard Cobden da John Bright suka jagoranci fafutukar da ta kai ga soke harajin hatsi a 1846. Dalilin Manchester a fili yake, domin masaƙunta da audugar waje suke aiki, kuma akasarin yadinsu ƙetare ake kai shi, har kasuwannin Afirka ta Yamma. Maƙeran Birmingham kuwa sun fara jin jiki bayan Jamus ta ɗaga harajinta a 1879, Amurka ta bi sahu a 1890, alhali ƙarfen ƙasashen biyu yana shiga Birtaniya kyauta.

Bayan ya raba gari da Gladstone a 1886 kan batun bai wa Ailan mulkin kai, ya zama sakataren ƙasashen mulkin mallaka daga 1895 zuwa 1903, kuma a nan ne tarihinsa ya taɓa ƙasar Hausa. Shi ne ya ɗora wa Frederick Lugard aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897 domin tare Faransawa. A zamaninsa gwamnatin Birtaniya ta karɓe mulki daga Kamfanin Neja a 1900, kuma yana kan kujerar aka ci Kano da Sakkwato a 1903. A idonsa waɗannan ƙasashe gandu ne da ba a noma ba, wanda zai samar wa Birtaniya ɗanyen kaya da masu saye.

A watan Mayun 1903 ya yi jawabi a Birmingham yana neman a sanya wa kayan waje haraji tare da sassauta wa ƙasashen daular Birtaniya, daga baya ya ajiye muƙaminsa domin yaɗa wannan ra'ayi. Abokan hamayyarsa suka ce hakan zai tsadar da burodin talaka, kuma a zaɓen 1906 jama'a suka bi su: tsohon Firaminista Balfour, wanda Chamberlain ya yi aiki a gwamnatinsa, ya rasa kujerarsa a Manchester, yayin da kujeru bakwai na Birmingham suka tsaya wa Chamberlain. Kowane birni ya bi abin da yake sayarwa. A wannan shekarar ya samu shanyewar ɓarin jiki, ya rasu a 1914, kuma sai a 1932, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, ɗansa Neville, yana ministan kuɗi, ya gabatar da dokar harajin kashi 10 cikin 100 a kan yawancin kayan da ake shigowa da su.