KACICI-KACICI: Daga ina waƙa ta shigo wasan kwaikwayo?

Daga WAKILIN MU, a Maƙarfi

Duk mai kallon finafinan Indiya ya san Amitabh Bachchan da faɗa da kuma baƙar magana. Amma tun daga shekarar 2000 ya samu wata sana'ar, wato zama a kujera ya na yi wa mutane tambayoyi a shirin talbijin mai suna 'Kaun Banega Crorepati'. Wanda ya ci ya kwashi kuɗi, wanda ya faɗi ya koma gida da haƙuri. Asalin shirin daga Ingila ne, inda aka fara shi a 1998 da sunan 'Who Wants To Be A Millionaire'. A 2004 ya iso Nijeriya, Frank Edoho ya riƙa gabatar da shi, har aka samu Aroma Ufodike ya cinye naira miliyan 10 cif a 2009.

A irin waɗannan shirye-shiryen, musamman na Amurka da Ingila, akan jefo wa mutum tambaya kan wasannin daɓe masu waƙa da rawa: wa ya rubuta wannan, a wace shekara aka fara wancan. Su a wajen su abin alfahari ne mutum ya san tarihin dandamalin ƙasar sa.

To mu fa? Je ka majalisar samari a Ikara, ko teburin mai shayi a Hunƙuyi, ka tambayi wanene Sarkin Ƙarfi, kafin ka rufe baki an ce maka Dharmendra. Ɗan Daba Mai Lasin kuwa ko yaro ya san Sanjay Dutt ne. Amma ka tambayi wane ɗan yankin nan ne ya rubuta wasan kwaikwayon da aka yi shekara da shekaru ana karantawa a makarantun Arewa, sai ka ga ana kallon-kallo. Don haka mu ka ɗauko kujerar mu ka dasa ta a tsakiyar Maƙarfi. Mai karatu, bismilla, hau ka zauna. Babu kiran aboki a waya, babu tambayar 'yan kallo.

TAMBAYA TA 1: Wane wasa ne ya fi daɗewa ana yin sa a Broadway?

Broadway titi ne a birnin Niyok na Amurka, inda manyan gidajen wasan daɓe su ke. Amsar ita ce 'The Phantom Of The Opera' na Andrew Lloyd Webber. An fara shi a Janairu 1988, ba a rufe shi baki ɗaya ba sai a Afrilu 2023, bayan an yi shi sau 13,981. Ka lura, ba kaset ake sakawa ba. 'Yan wasa ne ke fitowa da ƙafar su kusan kullum, su rera waƙar da bakin su, makaɗa na ƙasan dandamali su na bi.

Abin da ya kamata ɗan fim ya riƙe a nan shi ne yadda Turawan su ka ɗauki waƙa. Daga wasan 'Show Boat' na 1927 zuwa 'Oklahoma!' na 1943 su ka tsayar da ƙa'ida cewa waƙa ita ma labari ce. Idan jarumi ya buɗe baki ya rera, to kafin ya rufe sai labarin ya matsa gaba. Riƙe wannan, za mu dawo kan sa.

TAMBAYA TA 2: Ina Indiyawa su ka samo rawa da waƙa a fim?

Da yawa za su ce ai da shi aka haife su. A'a, su ma daga daɓe su ka ɗauko. Tun kafin a san sinima akwai ƙungiyoyin wasa na Farisawan Bombai da ke yawo gari-gari, su na haɗa labari da waƙa da rawa da barkwanci. Da fim mai magana ya zo, sai aka kwashe kayan daɓen nan kacokan aka kai gaban kyamara. Fim ɗin Indiya na farko mai magana, 'Alam Ara' na Ardeshir Irani, ya fito a 1931 da waƙoƙi 7, kuma daga wasan daɓe aka ciro labarin sa. Shekara ɗaya bayan nan aka yi 'Indrasabha' da waƙoƙi wajen 70! Shi ma wasa ne da aka rubuta tun 1853 a garin Laknau. Masu ƙorafin cewa waƙa uku ta yi yawa a fim ɗin Hausa, ina ma a ce sun ga wannan.

Shi kan sa 'Mughal-e-Azam' na 1960 daga wasan 'Anarkali' aka samo shi, kuma a 2016 aka sake maida shi daɓe da waƙoƙin sa. Ruwa ya koma inda ya fito ke nan.

TAMBAYA TA 3: Wane ɗan Nijeriya ne aka hana wasan sa a Kano a zamanin Turawa?

Hubert Ogunde. Ɗan sanda ne da ya ajiye kaki ya rungumi dandamali. Wasan sa na farko ya yi shi a Legas a 1944, kuma wasannin sa na wancan lokacin kusan duk da waƙa ake yin su, da ganguna da rawa. Bayan 'yan sanda sun harbe ma'aikatan haƙar kwal 21 a Inugu a 1949, sai ya shirya 'Bread And Bullet' a kan abin da ya faru. Da ya kawo shi Kano, hukumar lokacin ta ce ba ta yarda ba. A 1964 ma gwamnatin Jihar Yamma ta dakatar da shi saboda 'Yoruba Ronu'.

Ka ga ashe rigima tsakanin hukuma da masu wasa da waƙa ba a kan 'yan fim ɗin Hausa aka fara ta ba. Ƙarin maki ga wanda ya san cewa rayuwar Fela Kuti ma an maida ta wasan daɓe mai suna 'Fela!', wanda ya hau Broadway a 2009, aka kawo shi Legas a 2011.

TAMBAYA TA 4: Wane ne tsohon wasan kwaikwayo mai waƙa a ƙasar Hausa?

Nan ne fa mutane ke faɗuwa, alhali amsar na ƙofar gidan su: tashe! Idan azumi ya kai kwana 10, bayan an sha ruwa, yara da samari su bazu gida-gida. Duk wanda ya tashi a Paki ko Gimi ko Likoro ya san wannan, wataƙila ma shi aka taɓa manna wa gemun auduga.

Zauna ka ƙirga abin da ke cikin tashe. Akwai shiga ta musamman: tsumma, auduga, bula, sanda, tsohuwar riga ta baba. Akwai jarumi da ke ba da waƙa, akwai 'yan amshi. Akwai kiɗa, ko da na gwangwani ne ko ƙwarya. Akwai labari, akwai dariya, akwai darasi, sannan a ƙarshe 'yan kallo su biya da hatsi ko 'yan kuɗi. A 'Jatau Mai Magani' yaro ne ke shigar boka da tarkacen saiwoyi, ya na lissafa magungunan sa ana amsa masa. A 'Tsoho Da Gemu' ana kwaikwayon tsufa ne da neman a tausaya wa dattijo. 'Yan mata kuma su na da 'Mairama Da Daudu', inda ɗaya ke shigar miji, ana koya wa amarya zaman gida. Gwauraye kam ba sa son a tuna masu da nasu tashen. In ba wasan kwaikwayo mai waƙa ba ne wannan, to menene?

Ba tashe kaɗai ba. Akwai wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawan sa. Akwai kalankuwa da samarin karkara ke yi bayan kaka, a naɗa wannan gwamna, wancan alƙali, makaɗa na gefe. A Damagaram da Maraɗi su na da wasan kara mai kama da haka. Ga kuma gaɗa ta 'yan mata a dandali. Don haka duk wanda ya ce haɗa wasa da waƙa baƙon abu ne ga Bahaushe, a gaya masa ya sake lale.

TAMBAYA TA 5: Wane ɗan Maƙarfi ne ya shahara da rubuta wasan kwaikwayo?

Wanda ya faɗi wannan a garin nan, sai ya saya wa majalisa rake. Alhaji Shu'aibu Maƙarfi ne, marubucin 'Zamanin Nan Namu' na 1959 da 'Jatau Na Kyallu' na 1960. A gidan rediyo a Kaduna aka fara jin wasannin sa kafin a buga su a littafi a Zariya, kuma ɗalibai da dama sun karanta su don jarrabawar Hausa.

Kafin shi, Baturen nan R.M. East ya fitar da 'Six Hausa Plays' a Zariya a shekarun 1930. Amma Shu'aibu Maƙarfi ne ya ɗauko rayuwar birni da zafin ta ya ɗora a takarda: mai kuɗi, karuwa, 'yan kasuwa, iyaye da 'ya'yan zamani. Dubi labarin Jatau, attajirin da ya ruɗe kan Kyallu, mace mai zaman kan ta, ya aure ta, gidan sa ya watse, dukiya ta bi ruwa. Wallahi ka sa wa labarin nan fosta da tirela, yau ma sai ya ci kasuwa. Finafinan kishiya da na auren mai kuɗi nawa ka kalla? To kakan su ke nan, kuma ɗan garin ku ne ya rubuta.

Ƙarfin wasannin sa a zance ya ke, a Hausa mai gishiri da habaici. Wannan hanyar ce diramar rediyo da talbijin ta Kaduna ta bi, wadda ta fito da su marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama.

TAMBAYA TA 6: A ina 'yan jami'a su ka kai wa manoma wasa?

A ƙasar Soba, maƙwabtan Ikara. A 1977 malamai da ɗaliban sashen dirama na Jami'ar Ahmadu Bello su ka yi abin da aka kira 'Wasan Manoma'. Su kan shiga ƙauye su saurari damuwar mutane, su ƙulla wasa a kai da Hausa, su yi shi a fili, su na amfani da kiɗa da waƙa don tara jama'a. A Samaru kuwa jami'ar ta gina gidan wasa na ƙasa da siffar gidan Bahaushe, da ɗakuna zagaye da tsakar gida.

TAMBAYA TA 7: Wane fim ne ya sa fiyano ta mamaye industiri?

Wannan kam kyauta ce. Fim ɗin bidiyo na Hausa da ake lissafawa a matsayin na farko a kasuwa shi ne 'Turmin Danya' na 1990, kuma ƙungiyar dirama ta Tumbin Giwa ta Kano ce ta yi shi. Ka ga su ma daga daɓe su ka fito. Da sutudiyon Iyan-Tama ya kawo fiyano samfurin Yamaha, sai kiɗan fim ya canza. 'Sangaya' na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999 da Ali Nuhu da Fati Mohammed, shi ne ya ɓalle ƙofar. 'Wasila' na Yakubu Lere ya biyo baya a 2000 daga Kaduna. Daga nan furodusa ya gane cewa in babu waƙa, 'yan kasuwa ba za su kalli kaset ɗin sa ba.

Abin bai zo da sauƙi ba. A Disamba 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fim, a 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai, kuma babban abin da aka fi kuka da shi shi ne rawa da waƙa tsakanin namiji da mace.

TO, WA YA CI?

Idan aka haɗa amsoshin nan, za a ga ɓangarori biyun da su ka daɗe su na jayayya kowa na da tasa gaskiyar. Masu cewa wasa da waƙa namu ne sun yi daidai, tashe ya ishe su shaida. Masu cewa an kwaikwayi Indiya su ma ba su yi ƙarya ba, domin saurayi da budurwa su riƙa zagaya bishiya su na canza kaya sau biyar ba a dandalin Kudan aka gan shi ba. A gaɗa mata ne zalla, a tashe ma maza daban, mata daban.

Amma akwai abin da ya fi wannan muhimmanci ga mai son fim. A tashe, in ka cire waƙar babu sauran wasa, don ita ce labarin. Ƙa'idar da Turawa su ka tsayar a 'Oklahoma!' ke nan, yaran unguwa na yin ta ba tare da sun taɓa jin sunan Broadway ba. A finafinan mu da yawa na shekarun 2000 kuwa, sai an gama waƙa a sutudiyo sannan a nemo labarin da za a rataya mata. Shi ya sa mai kallo kan tura ta gaba, ko ya kalli waƙar ya bar fim ɗin. Da finafinai masu dogon zango su ka karɓe kasuwa a Arewa24 da YouTube, waƙar ta ragu a cikin labari, mawaƙa su ka koma fitar da bidiyon su daban.

Shi kuma tashen, uban gayyar, ya na fuskantar tasa matsalar. Waya ta ɗauke hankalin yara, ga kuma ɓata-gari da ke fakewa da shi, har ta kai rundunar 'yan sandan Kano ta hana yin sa a azumin 2024. In ya ɓace, ranar da wani daraktan kirki zai so shirya fim mai waƙa irin tamu, a wajen wa zai koya?

Ga tambayar ƙarshe, ita ce ta miliyan, kuma a nan mun yarda ka nemi taimako. Je ka wajen kakar ka ko wani dattijo a unguwar ku, ka tambaye shi wane tashe su ka yi su na yara, wa ke ba da waƙa, wace irin shiga ake yi, wace ƙungiyar dirama ce ta taɓa tashe a garin. Ka rubuta, in da hali ka ɗauki muryar sa a waya, ka aiko mana. 'Yan Ikara, 'yan Maƙarfi, 'yan Kudan, filin wasiƙu na jiran ku, mu ga garin da zai ciri tuta.