Ciwon Ƙyamaren Zuciya da Sankarar Babban Hanji: Abin da Ya Haɗa Su

Zuciyar ɗan Adam tana da ƙyamare 4 masu buɗewa da rufewa domin kada jini ya koma baya. Idan ƙwayoyin bakteriya suka shiga jini, sukan manne wa ƙyamaren nan, musamman wanda ya riga ya lalace, su hayayyafa, su cinye shi sannu a hankali. In ba a yi magani ba, wannan ciwo kisa yake yi.

Daga cikin ƙwayoyin akwai wadda a da ake kira Streptococcus bovis, yanzu kuwa Streptococcus gallolyticus. Tun shekarar 1951 wasu likitoci biyu na Amurka, McCoy da Mason, suka ba da labarin majiyyacin da ciwon ƙyauren zuciya da sankarar hanji suka haɗu a jikinsa. A 1977 Likita Robert Klein da abokan aikinsa a New York suka nuna cewa an fi samun ƙwayar nan a bayan gidan masu sankarar babban hanji fiye da na masu lafiya.

Ga yadda abin yake. Mazaunin ƙwayar hanji ne, bangon hanji kuwa shi ke tsare ta. Sa'ad da tsiro ya fito ya miƙe bangon da rauni, sai ta sami kafa ta shiga jini, jini ya kai ta zuciya. Watau ciwon zuciyar yana iya zama ɗan aiken wata cuta da ke ɓoye a hanji tun ba ta nuna alama ba.

Saboda haka duk wanda aka sami ƙwayar nan a jininsa, bayan allurar mako 4 zuwa 6 da akan yi wa mai ciwon ƙyauren, lalle ne a leƙa hanjinsa da bututu mai fitila. Tsiron da aka gani da wuri ana iya cire shi kafin ya zama sankara.

Jama'a, a lura. Zazzaɓin da ya yi makonni bai ji maganin cizon sauro ba, tare da gumin dare, rama da haki, ba na kemis ba ne, na asibiti ne. Haka nan jini a bayan gida, kada a ce basir ne a zauna ana shan jiƙo. A je likita ya duba, a kuma cika magani har ƙarshe.